Usur a Ranar Ƙetare

Gunvor ba ta tsoron ɗan sanda. Wannan kowa ya sani, don ita da bakinta take faɗa tun ba a tambaye ta ba. Ta tsufa a zanga-zanga: an ja ta a kwalta, an ɗauke ta cak kamar buhun dankali, an taɓa rufe ta ta wuni tana rera waƙa har masu gadi suka roƙe ta arziki. Abu ɗaya ne ba ta taɓa gwadawa ba a rayuwarta, shi ne yin shiru.

Da kaka ta kama, ita da 'yan sa-kai 'yan'uwanta suka hauro arewa daga biranen kudu, da tantuna da rigunansu ruwan ɗorawa masu kashe ido. Wani kamfanin fasa dutse ne ke son faɗaɗa hanya ta bi ta gaɓar da bareyin gidan wani tsoho mai suna Heikka ke fitowa duk shekara in sun yi iyo daga tsibiri. Bareyin kiwo ne, masu ƙaho rassa-rassa, su ne abincin mutanen Sami na wannan gaɓa, su ne suturarsu, su ne sunansu. 'Yan sa-kai suka kafa sansani a mararraba. Tifa ta zo su busa mata usur, direba ya danna musu hon, su ƙara busawa, ya ƙara dannawa. Mu da muke nan mun ji jiki, amma mun gode, don ba kowa ke barin ɗakinsa mai ɗumi ya zo ya sha sanyi saboda dabbar wani ba.

A cikinsu akwai Eilif, likitan haƙori ne mai furfura a gefen kunne, wannan ce fitarsa ta farko. Mutum ne mai bin umarni kamar yana karanta takardar magani. Gunvor ce ta horar da shi, kuma abin da ta fi nanata masa shi ne: "In ka ga ɗan'uwa ya faɗi a gaban mota, kada ka tsaya tunani. Miƙe tsaye, ɗaga jan ƙyallenmu na zanga-zanga, busa usur iya ƙarfinka. Direban da ya san ana kallonsa shi ke taka burki." Eilif ya gyaɗa kai, ya haddace.

Ana gobe bareyin za su ƙetaro daga tsibiri, Risten, 'yar Heikka, ta kira su biyun tantin gidansu da rana. Wuta na ci a tsakiya, gahawa na tafasa, jaririyarta Sunna na barci a gadonta na itace.

"Gobe ba na son ganin jan ƙyallen nan," in ji Risten.

Gunvor ta zabura. "Haba Risten! Kamfanin cewa yake ba a amfani da gaɓar nan. Hoto ɗaya, bareyi na fitowa, ƙyalle a baya, an gama da su!"

"Lasifika, zauna ki sha gahawa," in ji tsoho Heikka. Sunan da ya laƙa mata ke nan tun ranar da ta zo. "Za ki tashi jikata."

Ta zauna. Ya yanko busasshen nama ya miƙa mata a bakin wuƙa, sannan ya yi bayani a hankali. Barewa in tana ruwa, idonta na kan tudun da ke gabanta. In ta ga abin da ba ta sani ba ya miƙe a can, ko ta ji ƙara mai kaifi, sai ta juya. Na baya ba su san na gaba sun juya ba. Sai su haɗu a tsakiya, su kama kewayawa, babba ya hau ƙarami.

"Ka taɓa gani?" Gunvor ta tambaya.

"Ina saurayi. Wani fasto ne ya zo sa mana albarka. Mutumin kirki. Ya hau tudu ya ɗaga mana hula."

"Nawa suka mutu?" in ji Eilif.

Risten ta dube shi. "Ba a yi wa makiyayi wannan tambayar."

Kunnen Eilif ya yi ja. Heikka ya yi kamar bai ji ba, ya nuna gadon jaririyar da haɓa. "Akwai wani ƙarami mai farin goshi a cikinsu. Shi ne na farko da na yanka wa alamar Sunna a kunne. Gobe in ya taka gaɓa, yarinyar nan ta zama mai dukiya, sai ku fara gaishe ta da ladabi."

Aka yi dariya, ban da Gunvor. Ita hannun tsohon take kallo. Sanyin ƙashi ya lanƙwashe yatsun har ba sa rufuwa, kofi ma da tafin hannu biyu yake riƙewa. Shi ne kuma zai zauna a bayan kwale-kwale yana jan jagaban garke da igiya, Risten na tuƙi, sauran dabbobin na bin ƙararrawar wuyan jagaban.

"Da wane hannu za ka riƙe igiyar?" ta tambaya.

"Naɗewa yake a wuyan hannu," in ji Risten, ranta a ɓace. "Baba, na gaya maka ba a naɗe igiyar nan. In ya juya da kai zai tafi."

"To kada ya juya," in ji Heikka.

A nan ne tsoro ya fara shigar Gunvor, wani iri wanda ba ta san shi ba. Tsoron kulki ta san inda yake zama a jiki. Wannan kuwa a ciki ya zauna mata, kamar ta haɗiyi ƙanƙara.

Aka raba aiki. Jama'a duk su tsaya a mararraba, nesa da ruwa, su tare hanya. Gunvor da Eilif su kwanta a kan tudun da ke saman gaɓa, kusa da wata tsohuwar hanyar gona da ba mai bi, ko wani mai yawo da kare zai ɓullo su mai da shi. Risten ta miƙa hannu, Gunvor ta cire usur ɗinta daga wuya ta ba ta. Ba wanda ya tuna da na Eilif. Mutumin da ko tari sai ya nemi izini, wa zai tuna yana da usur a ƙarƙashin rigar sanyi? Ƙyallen kuwa Gunvor ce ta ce ya ninke a jaka, wai ko bayan an gama a samu hoto.

Washegari da hantsi ruwa ya kwanta, iska na busowa daga teku. Suna kwance rub da ciki a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, haɓa a ƙasa. Daga can tsibiri aka ji haushin karnuka sama-sama, sai ga kwale-kwalen ya fito, ƙarami kamar ɓawon gyaɗa. Bayansa kan jagaba, bayan jagaba kuma gaɓar tsibirin gaba ɗaya ta zubo cikin ruwa. Jiki ba ya ganuwa, sai ƙahoni da hanci da 'yan fararen wutsiyoyi a tsaye. Ƙananan na manne da iyayensu, wasu sun ɗora haɓa a bayan uwa. Gunvor ta ji gurnaninsu yana tahowa bisa ruwa, da ƙararrawa ɗaya tal tana kaɗawa a gaba.

"Kai, abin da kyau," Eilif ya raɗa.

"Rufe bakinka," ta raɗa masa.

Sun kusa tsakiyar mashigin, inda komawa da ƙarasawa duk nisansu ɗaya, sai ta ji wani gurnani daban, daga baya. Ta waiga. Can ƙasa ta gefen tudu, tifa ce ta kauce wa mararraba ta biyo tsohuwar hanyar gona. Hanyar kuwa ta kan tudun nan ta bi, daidai inda suke kwance, a idon kowace dabba da ke cikin ruwa.

"Kada ka motsa," ta ce wa Eilif. Ta ja ciki da baya har tudun ya rufe ta daga teku, sannan ta tashi ta gangara a guje, gwiwoyinta na ƙara.

Tana gudu tana tunani. In ta tsaya a tsakiyar hanya da rigar nan ruwan ɗorawa ta ɗaga hannu, ta san abin da zai biyo baya, don su suka koya wa direbobin nan: ganin riga, danna hon. Hon ɗin tifa kuwa ba tudun da zai tare shi. Mutum ba ya yi wa gawa hon, wannan kaɗai ya zo mata. Ta tuɓe rigar ta cusa a bayan dutse, ta cire hula ta bar furfurarta a waje, ta kwanta a tsakiyar hanya rub da ciki, hannu ɗaya a karkace, fuska a cikin tsakuwa.

Sai da ta kwanta ta tuna akwai kwana a gabanta. Direban ba zai gan ta ba sai ya karyo.

An sha ɗaukar ta daga gaban motoci, amma kullum a zaune take, tana kallon direba ido cikin ido, jama'a na ihu, masu hoto na ɗauka. Yau ba kowa. Ba ta ganin komai sai wata 'yar tsakuwa mai ratsin fari a gaban idonta. Ƙasa ta fara rawa a kumatunta. Tsakuwar ta fara tsalle. Duk jikinta na ce mata tashi, tashi, ke mahaukaciya, tashi. Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini. Ta tuna ba ta kira ƙanwarta ba tun da ta zo. Ta ji injin ya canza murya a kwana, ta ji ƙafafun motar sun kama tsakuwa suna ja, suna ja, ba su tsaya ba, duwatsu na dukan bayanta, zafin inji ya rufe ta.

Motar ta tsaya. Gunvor ta buɗe ido ta ga inuwar ƙarfe a kanta. Kafaɗarta na ƙarƙashin hancin motar.

Ƙofa ta buɗe, takalma suka diro. "Wayyo Allah! Baiwar Allah! Ke! Kina ji na?"

Ta cafke ƙafar wandonsa. "Kashe injin," ta ce. "Don Allah kashe, kada ka taɓa hon."

Ya ja da baya. Wani jibgegen mutum ne mai jan gemu, Oddvar, wanda ya fi kowa danna musu hon a mararraba. Fuskarsa ta yi fari fat, sannan ta koma ja. "Ke ce! Mai bakin nan! Kin haukace ne? Saura ƙiris na... ina da 'ya'ya fa! Kisan kai za ki ɗora min?"

"Bareyi na cikin ruwa. Suna tsakiya."

Ya tsaya da baki buɗe. "Yau Heikka ke ƙetarowa?" Bai jira amsa ba, ya haye ya murɗa makulli. Shiru ya sauka. Ya leƙo ta taga, yana magana ƙasa-ƙasa cikin fushi. "A garin nan aka haife ni. Kwana da kwanaki kuna hura mana usur a kunne, an rasa mai buɗe baki ya ce ranar kaza ce? Da wa zai fito da mota?"

Gunvor ta buɗe baki za ta ba shi amsa, don ba ta saba barin magana ta faɗi ƙasa ba. A daidai nan usur ya tsage sama.

Ta ɗaga kai. Eilif ne a tsaye a ƙolin tudu, ya ware jan ƙyallen da hannu biyu, iska na kaɗa shi fal-fal, usur a bakinsa yana busawa kamar ransa zai fita. Ya waiga ne ya hango ta a kwance ƙarƙashin mota ba motsi. Bai tsaya tunani ba. Haka aka koya masa.

Ba ta iya yi masa ihu ba, ihun ma ƙara ne. Ta tashi ta kama hawa, tana faɗuwa tana tashi, tana yi masa alama da hannu, shi kuwa idonsa a rufe yake don ƙarfin busa. Oddvar ya wuce ta kamar bijimi, ya rungumi ƙafafun Eilif ya kayar da shi, ya danne ƙyallen da ƙirji, ya fizge usur ɗin har igiyar ta tsinke. Gunvor ta iso da rarrafe ta leƙa.

Na gaba sun riga sun juya.

Ta ga layin ya lanƙwashe, ƙahonin gaba sun fuskanci na baya, sun shiga juna. Ruwan da ke kwance ya fara juyawa kamar ana juya miya a tukunya. Gurnanin ya zama wani abu dabam, kuka ne mai kauri, da ƙarar ƙaho na karo da ƙaho. Jagaba ya fizge kai zai bi su. Igiya ta miƙe, hannun Heikka ya bi ta, tsohon ya tafi har ƙugu a kan bakin kwale-kwale, kansa cikin ruwa. Risten ta saki tuƙi ta faɗa kansa ta riƙe ɗamararsa. Kwale-kwalen ya karkace ya fara zamewa zuwa bakin da'irar.

"Ya Ubangiji," in ji Oddvar. "Ya Ubangiji, kada ya shiga."

Gunvor na da murya da za ta kai tsibiri. Duk rayuwarta in abu ya ɓaci murya take sawa, ta kira mutane, ta ba da umarni. Yanzu ihun ya taho mata har maƙogwaro, ta cusa hannun rigarta a baki ta cije. Eilif na ƙoƙarin ɗagowa, ta danna kansa cikin ciyawa da ɗaya hannun. Taimakon da ya rage mata a duniya shi ne ta kwanta kamar ba ta nan.

Kan Heikka ya fito. Bai nemi komawa cikin jirgi ba. Da hannun da ke sake ya laluba wuyan jagaba ya kama ƙararrawar, ya shiga kaɗa ta da kansa, yana wani gurnani daga ƙirji irin na uwa mai kiran ɗanta. Risten ta maƙale ƙafarsa a ƙarƙashin benci, ta koma ta kama tuƙi, tana ja har bayanta na taɓa katako. Jagaba ya yi turjiya, ya yi turjiya, sannan hancinsa ya dawo wajen gaɓa.

Wata uwa ta fita daga da'irar ta bi ƙararrawa. Wata ta bi ta. A hankali layi ya sake zarewa kamar zare daga ƙulli. Amma tsakiyar ta daɗe tana juyawa, kuma Gunvor na kallo ƙananan kawuna na nutsewa, su ɓullo, su sake nutsewa, wasu ba su ƙara ɓullowa ba. Ba ta kau da ido ba, ta ga bai kamata ta kau ba.

Garken ya taka gaɓa, suka girgije ruwa, suka haura ta kwarin da ke gefen tudu suna huci. Su ukun suna kwance har na ƙarshe ya wuce. Sannan suka gangara.

Heikka na zaune a kan dutse, an lulluɓe shi da bargo, leɓunansa sun yi shuɗi. Igiyar ta saɓule fatar wuyan hannunsa, kafaɗar kuma ta goce. Mazan gidan na zagaye mashigin da jiragensu suna tsamo waɗanda suka nutse, suna jerawa a kan yashi. Wata uwa ta ƙi bin garke, tana kai da kawowa a bakin ruwa tana kira.

Eilif na kuka kamar yaro. "Na zaci an take ki. Na ga ba kya motsi. Ke kika ce in ɗan'uwa ya faɗi..."

"Ni na ce," in ji Gunvor. Muryar da ta fito ba ta fi ta sauro ba.

Ya share hanci, ya laluba aljihu. "Ko... ko a ɗauki hoto? Duniya ta ga abin da kamfanin nan ya jawo."

"Motata a kashe take, malam," in ji Oddvar.

Risten ko kallonsu ba ta yi ba, kuma wannan ya fi wa Gunvor zagi ciwo. Tana bin jerin a durƙushe, tana shafa kunnen kowanne da yatsa don ta san mai shi. Ta zo kan wani ƙarami mai farin goshi, ta shafa, ta tsaya. Ta sake shafawa. Ta dubi mahaifinta, shi kuma ya dubi ruwa.

Da ta miƙe, aiki ta kama. "Ba a barin nama ya lalace. Sai an kai su sama an gyara tun da ɗuminsu. Akwai mai tamfol?"

Ba mai tamfol. Gunvor ta juya ta hau tudu ita kaɗai, ta dawo da jan ƙyallen, ta shimfiɗa a kan yashi. Da hannunta ta rubuta shi a ɗakin girkinta can kudu, manyan baƙaƙe farare: MUNA TARE DA KU. Risten ta dubi rubutun, ta sunkuya ta ɗauki mai farin goshin ta kwantar a kai.

"Lasifika," in ji Heikka, haƙoransa na karo, "yau ban ji muryarki ba."

Ta girgiza kai. Ta kama gefe ɗaya, Oddvar ya kama ɗaya, suka ɗaga. Bai kai nauyin da ta zata ba. Suka fara hawa, ruwa na ɗiga ta cikin ƙyallen, uwar nan kuma ta bar bakin ruwa ta biyo su daga nesa tana kira.